Kirsimeti a Shekarar Ƙunci: A Tafi Gida, A Aika Wakili, Ko A Zauna?

Iyalan da neman abinci ya kai Abuja, Kano, Kaduna ko Legas, alhali asalinsu Kafanchan ne ko Pankshin, Billiri, Tafawa Ɓalewa, Zuru ko Michika, sun san abin da watan Disamba ke nufi. Makaranta ta ba da hutu, tela ya gama ɗinki, an ɗaure buhun shinkafa da galan ɗin mai, sai tasha. A gida ake sujadar Kirsimeti, a gida ake tsallake shekara, a dawo da doya da masara a bayan mota. A shekarar da abubuwa ke tafiya daidai babu mai tsayawa shawara. Shawarar tana tasowa ne a shekarar da maigida ya rasa aiki, ko jinya ta cinye ajiya, ko aka yi rasuwa, ko kuma albashi yana nan inda yake amma kasuwa ta wuce ta bar shi.

Irin waɗannan shekarun sun yi yawa a baya-bayan nan. A Disambar 2020 korona ce ta sake tasowa, hukumomi suka yi ta kira da a rage tafiye-tafiye da taruka. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a Abuja cikin Oktoban 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ta abinci kuma ta kusan kashi 40. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma a ƙarshen shekarar wannan kuɗin bai sayen buhun shinkafa mai kilo 50 a yawancin kasuwanni. Mutanen ƙauye ma ba su tsira ba: manoman citta na Kudancin Kaduna sun yi asara mai yawa a 2023 saboda cutar da ta faɗa wa gonakinsu, don haka gidan da a da yake tarbar 'yan birni da akuya, shi ma ya koma duban hannunsu.

Hanyoyi biyar ne iyalai suka fi bi idan shekara ta yi tsanani. Kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya, sai a daidaita a kan abin da za a auna su da shi, don yawancin gardamar maigida da uwargida a kan wannan batu daga nan take farawa: shi yana lissafin kuɗin mota, ita tana lissafin fuskar surukai, kowa kuma yana da gaskiya.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, amma kuɗin duka. Da na mota zuwa da dawowa, da na kaya, da tsaraba, da ɗinki, da baikon coci, da abin da za a miƙa wa kawu da gwaggo da yaran maƙwabta, da cajin mai POS a ƙauyen da babu banki.

Na biyu shi ne abin da zai yi saura a Janairu, kuma a wurina shi ne babban ma'auni. Ma'aikatu da yawa suna biyan albashin Disamba da wuri, kafin ranar 25, ma'ana albashi na gaba sai bayan mako biyar ko shida. A tsakanin nan makarantu za su buɗe zango na biyu da kuɗinsa, ga masu hayar da ke ƙarewa da ƙarshen shekara. Zaɓin da ya yi daɗi kwana goma sannan ya bar gida babu masara har ƙarshen Janairu ba shi da ƙarko.

Na uku sauƙi: wa zai ɗauki wahalar, kuma kwana nawa za ta ci. Na huɗu haɗari, na hanya da na tsaro da na lafiya. Na biyar zumunci, wato abin da tsofaffi a gida da yara a ɗaki za su ji a ransu. Wannan ba ya shiga takardar lissafi, amma wanda ya yi watsi da shi zai biya daga baya ta wata hanyar.

Zaɓi na ɗaya: a kwashi kowa a tafi gida

Shi ne mafi tsada, babu ja. A ɗauki misali kawai, kowa ya sa farashin tasharsu: iyali mai mutum shida, ƙaramin yaro a cinya, kujera biyar ke nan. A ce kujera naira 15,000, zuwa da dawowa naira 150,000, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi, tun ba a sayi ko ƙwayar shinkafa ba. Kuma farashin da ke tasha a farkon wata ba shi ne na ranar 23 ga Disamba ba. Direbobi suna ƙara kuɗi a makon biki saboda mota tana tafiya cike ta dawo kusan babu kowa, sai fasinjan zuwa ya biya na dawowa. A farkon Janairu abin ya juya, masu komawa birni su sha tasu. Mai motar kansa ya lissafa mai, da juyen baƙin mai, da taya, ya kuma tuna cewa motar da ta shiga ƙauye a Kirsimeti ta zama ta gayya: kai wannan asibiti, ɗauko wancan daga kasuwa, duk a tankinsa.

Gwamnatin tarayya ta yi wani sassauci a Disambar 2023, inda ta ba da jirgin ƙasa kyauta da ragin rabin kuɗi a wasu manyan motocin safa daga 21 ga wata zuwa 4 ga Janairu, ta kuma maimaita jirgin kyauta a 2024. Abu ne mai kyau ga wanda ya dace, sai dai kada a gina shirin iyali a kansa. Kujerun ƙalilan ne, kuma jirgin Abuja a tashar Rigasa ta Kaduna yake tsayawa. Mai zuwa Kafanchan, Jos ko Gombe daga Abuja hanyarsa ba ta nan ba ce.

Akwai wani ɓangare na lissafin da masu adawa da tafiya kan manta. Disamba bayan kaka ne. Masara, dawa, acca, doya, wake da dankalin turawa suna da araha a ƙauye fiye da birni, wani lokacin ma daga gonar gida za a ɗebo ba da ko sisi ba. Iyalin da ya dawo da buhu biyu na masara da rabin buhun wake ya rage wa kansa cefanen wata biyu ko uku. Idan kuna da gona a gida, ko iyaye suna ajiye muku rabonku, wannan kaɗai yana iya mayar da wani kaso mai kauri na kuɗin mota, bayan an cire kuɗin kaya da 'yan kamasho za su caja. Idan kuwa gidan ba ya noma sosai, ko damina ba ta yi kyau ba, to hannu biyu za ku dawo, kuma ku ne za ku ciyar da gidan duk tsawon zamanku.

Wajen sauƙi, wahalar kusan duka a kan uwargida take. Ita ce za ta haɗa kayan yara, ta riƙe su a mota awa shida ko goma, ta isa ta shiga madafa da sauran matan gida tun asuba, a kan murhun itace, cikin sanyin hunturu. Duk mijin da ke cewa "ai hutu za mu je" ya tambayi matarsa ko ita ma hutun take yi.

Haɗarin ya kasu uku. Na hanya sananne ne: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana yin gangami na musamman kowace shekara daga Satumba zuwa Disamba saboda gudu da lodi da gajiyar direbobin da ke son yin sawu biyu a rana. Hazo yana rage gani da safe da yamma, yana ma sa a soke tashin jiragen sama a filayen Arewa. Na tsaro ya danganta da inda gidan yake. Harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya dakatar da shi har Disambar wannan shekarar, kuma hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi na jihar Filato sun hallaka fiye da mutum 100. Wannan ba ya nufin kowane ƙauye haka yake, yawancinsu lafiya lau ake biki. Ma'anarsa ita ce a tambayi mutanen gida gaskiyar halin da ake ciki a makon da za a tashi, a tambayi fiye da mutum ɗaya, domin tsoho mai ɗokin ganin jikoki ba zai ce kada a zo ba. Na uku lafiya: sanyin Filato a ƙarshen Disamba ba wasa ba ne ga jariri ko mai asma, ga ƙura, ga canjin ruwan sha. Sannan gidan da aka kulle aka bari a birni mako biyu, ɓarayi sun san lokacin, gobarar hunturu ma ta sani.

A zumunci kuwa babu zaɓin da ya kama ƙafarsa. Yara su ga kakanni, su ji yaren gida a bakin masu shi, su zauna a cocin da aka yi wa ubansu baftisma. A Disamba ake taron dangi, ake sasanta rikicin gona, ake sa ranar aure. Mutanen Kagoro suna da bikin Afan ranar 1 ga Janairu, kuma ɗan garin da bai zo ba za a lura.

Zaɓi na biyu: mutum ɗaya ya je da saƙo

Nan kujera ɗaya ake biya ko biyu a madadin biyar. Maigida ya tafi shi kaɗai, ko ya ɗauki babban yaro, ko uwargida ta je idan iyayenta ne suka fi buƙata. Rarar kuɗin motar a raba biyu, rabi ya ƙara kaurin saƙon da za a kai, rabi ya zauna don makaranta. Sau da yawa tsohuwar da aka kai wa rabin buhun shinkafa, da mai, da magi, da maganin hawan jininta na wata uku, ta fi amfana a kan wadda jikoki shida suka sauka a kanta da ƙaramar leda.

Ribar kayan kaka ba ta ɓace ba, domin wakilin zai dawo da buhunan. Zaman ma gajere ne: ya tafi 24, ya dawo 27, kafin cunkoson sabuwar shekara. Haɗarin hanya yana nan amma a kan mutum ɗaya, gidan birni kuma ba a bar shi babu kowa ba.

Matsalarsa biyu. Iyali ya rabu a ranar da aka fi son a haɗu, kuma ƙananan yara suna jin rashin uba ranar Kirsimeti fiye da yadda manya ke zato. Ana rage wannan idan wakilin ya yi sujadar 25 da iyalinsa, ya tashi 26 ko 27, ya yi sabuwar shekara a gida. Ta biyu ita ce mutumin da ya je shi kaɗai shi ne kowa zai tare da buƙata, babu matar da za ta taɓa shi ta ce kuɗin mota fa. Wanda ya san hannunsa a sake yake ya bar katin banki a birni, ya tafi da abin da aka ware kawai.

Wasu suna aika saƙon ba tare da wakili ba, ta hannun direban tasha ko ta asusun wani ƙane. Ya fi araha, amma a gida ba a ɗaukarsa daidai da zuwa. Kuma a tabbata ta hannun wa kuɗin zai bi, don an sha aika wa tsoho kuɗi ya ƙare a wayar jikansa.

Zaɓi na uku: a zauna a gari, a yi daidai ƙarfi

Wannan ne mafi araha idan an riƙe shi da gaske. Kaza ɗaya ko biyu, shinkafa da miya, cincin da aka soya a gida, zoɓo da kunun zaƙi a madadin katan ɗin lemo. Ɗinki ga yara kaɗai, ko ma a sayi na gwanjo mai kyau a wanke a goge, manya su fito da na bara. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu hutu ne na ƙasa, don haka mai aikin albashi ba ya buƙatar neman izini, mai sana'ar hannu kuma ya ci kasuwar biki. Tela, mai kitso, mai aski, ɗan acaɓa da mai soya kaji, makon Kirsimeti ne kakarsu, kuma rufe shago a tafi ƙauye a wannan makon asara biyu ce.

Na ce idan an riƙe shi da gaske, saboda zaman gari yana da nasa ramukan. Mutum ya ce ai mun tsira da kuɗin mota, sai ya saki jiki: a kai yara wurin wasa, a ci abinci a waje, baƙi su yi ta shigowa, a ƙara kaza. Kafin sabuwar shekara an kashe abin da ya kai kuɗin tafiyar, ba a ga iyaye ba, ba a dawo da masara ba. Maganinsa a biya kuɗin makaranta, ko wani kaso nasa, ranar da albashi ya shigo. Idan makarantar ba ta karɓa kafin a buɗe, a damƙa wa wanda ba zai bayar ba ko an roƙe shi.

Haɗari kaɗan ne. A kula da yara da abin fashe-fashen nan da suke kira nokawut, wanda 'yan sanda kan haramta a jihohi da dama duk ƙarshen shekara. A kuma guji wuraren rabon kayan abinci da ake shelantawa ga kowa da kowa. A Disambar 2024 turereniya a irin waɗannan wurare ta kashe fiye da mutum 60 cikin mako guda, a Ibadan, da Okija a jihar Anambra, da wata majami'a a Maitama cikin Abuja, kuma na Ibadan yara ne. Mai neman taimako ya bi ta hannun fastonsa ko Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, inda ake rubuta suna a kira mutum a natse.

Inda wannan zaɓi yake da rauni shi ne zumunci. Kiran bidiyo ta WhatsApp yana taimakawa idan akwai sabis a ƙauyen kuma akwai mai babbar waya kusa da tsofaffin, amma a shirya shi tun kafin ranar: a tura wa mai wayar kuɗin data, a sa lokaci, yara su yi wa kaka waƙar da suka koya a makarantar Lahadi. Abin da ya fi ɓata wa iyaye rai shi ne a bar su suna shara da gyaran ɗaki suna jira, sai ranar 23 a kira a ce ba za a zo ba. A faɗa musu tun farkon wata, maigida da kansa: "Baba, bana abubuwa sun yi mana nauyi, ba za mu samu zuwa ba, amma ga saƙo nan tafe, kuma da izinin Allah muna nan zuwa a Ista." Tsohon da ya yi noma shekara hamsin ya san shekarar da ba ta yi ba.

Zaɓi na huɗu: watanda da tukunya ɗaya

Wannan ƙari ne a kan zaman gari, amma ya cancanci a ware shi, don a ganina shi ne ya fi ba da nama da annashuwa a kan kowace naira. Gidaje goma ko ashirin, maƙwabta ko 'yan coci ɗaya ko abokan aiki, su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa kashi-kashi. Kowa ya samu tsoka da ƙashi da kayan ciki a farashin da ya gaza na mahauta, domin babu ribar mai tebur a ciki. Ƙananan ƙungiyoyi suna yi da akuya ko rago. Haka ake yi da buhun shinkafa da jarkar mai: a saya a sari, a raba da mudu da kwalba.

Amfaninsa yana ga waɗanda suka fara da wuri. Masu zuba adashi tun Satumba ko Oktoba ba sa jin nauyin, kuma suna sayen dabbar kafin farashin kara ya tashi a makon biki. Wanda ya tashi haɗa watanda ranar 20 ga Disamba ya makara, zai saya da tsada kuma cikin gaggawa.

Haɗarinsa na amana ne. Kuɗin jama'a a hannun mutum ɗaya a shekarar ƙunci jarraba ce, ko da mutumin kirki ne. Mutum biyu su riƙe lissafi, uku su je kara, a rubuta sunan duk wanda ya biya. A yanke tun kafin a sa wuƙa yadda za a yi da kai da ƙafa da fata da ladan mahauci, don a kansu ake faɗa, ba a kan tsoka ba. A kasa a gaban kowa, a sa yaro ya ɗaga sunaye. Gidaje da yawa a Kaduna, Jos, Bauchi da Gombe suna kiran mahauci Musulmi ya yi yankan, domin a iya kai wa maƙwabta Musulmi kwanon Kirsimeti su ci hankali kwance, kamar yadda su ma suke kawo na Sallah. Al'ada ce mai kyau, kuma ba ta ƙara ko kwabo a kan kuɗin.

Sai ajiya. Kada a dogara da firji. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, kuma ko ba haka ba kowa ya san halin wutarmu. A soya naman sosai ko a ƙyafe shi, busasshiyar iskar hunturu tana taimakawa, zai kai sabuwar shekara har ya wuce.

Wasu gidajen haya suna ƙarawa da tukunya ɗaya: kowane ɗaki ya kawo abin da yake da shi, a dafa a tsakar gida, a ci tare. Itace ɗaya, gas ɗaya, kuma yaron da gidansu ba su da kaza bana ba zai gane ba, sauran yaran ma ba za su gane ba. Ga iyalin da aka yi wa rasuwa ko maigida yake kwance, wannan ya fi a kai musu kwano a ɗaki su ci su kaɗai.

Zaɓi na biyar: a ɗage tafiyar, ko a ɗauko tsofaffin

Idan ganin iyaye ne muradi, ba dole sai ranar 25 ba. Daga tsakiyar Janairu kuɗin mota yana komawa yadda yake, hanya ta yi sauƙi, masu jiran tsarabar biki sun watse. Matsalar ita ce yara sun koma makaranta, don haka tafiyar ta zama ta ƙarshen mako ko ta jira hutun Ista. Kuma alkawarin "za mu zo daga baya" yana da saurin narkewa idan ba a sa rana an ware kuɗinsa ba.

Ɗauko tsofaffin kuwa kujera biyu ce a madadin biyar, kuma suna tafiya ne ta ɓangaren da mota ba ta cika, tunda kowa barin birni yake yi. Dama ce ta kai su asibiti a duba ido da jini. Sai dai ba kowane tsoho ne zai yarda ya bar rumbu da awaki da kujerarsa ta dattawan coci a ranar Kirsimeti ba, kuma ɗaki biyu a Nyanya ta Abuja ko Sabon Tasha ta Kaduna ba ya ɗaukar suruka mako biyu ba tare da haƙuri daga kowane ɓangare ba.

Magana ɗaya ta shafi zaɓin duka biyar: kada a ci bashin manhajar waya don biki. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma wasunsu sun yi ƙaurin suna wajen aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ɗauki mataki a kansu a 2022. Idan bashi ya zama dole, na ƙungiyar ma'aikata ko na ɗan'uwa ya fi, kuma a ci shi don makaranta, ba don ɗinki ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Abin da ke saura a Janairu | Sauƙi | Haɗari | Zumunci |
|---|---|---|---|---|---|
| Kowa ya tafi gida | Mai yawa ƙwarai | Aljihu babu komai, sai dai hatsi idan akwai gona | Wahala, musamman ga uwargida | Hanya, tsaro, sanyi, gida a kulle | Cikakke |
| Wakili da saƙo | Matsakaici | Hatsi da ɗan kuɗi | Da dama | Hanya, ga mutum ɗaya | Mai kyau, amma iyali a rabe |
| Zama a gari | Kaɗan, idan an kame hannu | Kuɗin makaranta | Mai sauƙi | Kaɗan | Rauni ta wajen iyaye |
| Watanda da tukunya ɗaya | Kaɗan zuwa matsakaici | Kuɗi da ragowar nama | Yana son shiri da wuri | Amana da ajiya | Ƙarfi ta wajen maƙwabta |
| Ɗagewa ko ɗauko tsofaffi | Matsakaici | Ya danganta da ranar tafiya | Da dama | Alkawari ya shiririce | Mai kyau idan an cika |

Wa ya dace da wanne

Iyalin da ke da gona a gida, hanyarsu ba ta wuce awa huɗu ko biyar ba, garinsu lafiya, kuma an riga an ware kuɗin zango na biyu, su tafi. Su tashi kafin 20 ga wata idan hali ya yi, da rana, daga tasha sananniya, su dawo da hatsi. Haka wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta tsufa ƙwarai ko tana jinya: nan ba a lissafin riba, a rage tsaraba da ɗinki a je.

Mai albashin da bai motsa ba, yara uku ko huɗu a makarantar kuɗi, gida kuma nesa kamar daga Legas zuwa Adamawa, wakili ya ishe shi. Ya yi ranar 25 da iyalinsa, ya kai saƙo bayan nan. Wanda ya rasa aiki ko yake da bashi a wuya ya zauna, ya shiga watanda ko da rabin kaso ne, ya kira iyaye tun farkon wata. Mai sana'ar da kasuwarta ke ci a Disamba ya tsaya ya yi aiki, ya sa ranar tafiya a ƙarshen Janairu ko Ista, ya faɗa wa mutanen gida ranar domin su riƙe shi da ita.

Inda labarin tsaro bai kwanta ba, kada a kai yara. A ɗauko tsofaffin idan sun yarda, idan sun ƙi a aika saƙo ta hannun wanda ya san hanya. Gidan da aka yi rasuwa cikin shekarar kuwa, a duba inda wanda rashin ya fi taɓawa yake. Idan gwauruwar tana ƙauye, mutum biyu su je su zauna da ita ko babu kaza. Idan a birni take, 'yan'uwa da 'yan Zumunta su kawo tukunyar tsakar gidanta.